Inabin Kahor a Yashin Doha

Ku samarin nan na Mu'aither da kuke cewa Baba Sale ya samu aikin hutu, wai tiyo kawai nake riƙewa ina fesa ruwa har a tashi, ku matso ku ji. Ku yi dariyarku, ban hana ba. Amma tunda biyu daga cikinku sun ce in nema musu gurbi a gonar da nake aiki, gara ku san yadda aka yi na shiga sana'ar, da irin abin da take nema a wurin mutum.

Ni mutumin Kura ne. Tumatir da albasa na tashi ina nomawa, ban taɓa ganin itacen inabi da idona ba sai a ƙasar nan. Da na zo, gadi aka ba ni a wani rukunin gidaje a Gharrafa. A gidan da ke kusa da ƙofa akwai wani Bafaranshe mai aiki a kamfanin gas, dogo, mai sanƙo, sunansa Anto. Wani direba ɗan Maraɗi ne ya ce mini Faransawa ba a ce musu Oga, Mushe ake ce musu. Na ce, "Haba, mutum da ransa?" Ya ce haka ladabinsu yake. Ranar da na yi wa Anto bayanin abin da mushe yake nufi da Hausa, sai da ya dafa bango don dariya, kuma daga ranar ya hana ni kiransa da wani suna.

Aikin farko da ya haɗa mu ban ruwa ne. Kullum idan ya dawo cin abincin rana sai in hango shi ta kan katanga, riƙe da tiyo, yana shayar da wasu 'yan sanduna da ya kafa a gefen gida. Na yi ta kallo har na kasa haƙuri. Na je na ce, da guntun Turancina da guntun Larabci, "Mushe, taɓa ruwan nan ka ji." Ya sa hannu ya janye. Tankin yana saman rufi, ruwan ya yi zafin da za a iya haɗa shayi da shi. Na ce ya bari sai bayan asuba, ni zan riƙa ba su kafin in sauka daga aiki. Sannan na tambaye shi ko wane irin itace ne, don ban gane shi ba.

Ya shiga ciki ya fito da kwalba da kofin gilashi, ya tsiyaya, ya ɗaga wa rana. Ja ne, amma jan ya yi duhu har ba ka ganin yatsan da ke bayan kofin. Ya ce a garinsu baƙar giya suke ce mata. Garin sunansa Kahor, a kudu maso yammacin Faransa, inabin kuma duniya tana ce masa Malbek, su a can suna ce masa Kot. Sandunan nan daga gonar mahaifinsa aka yanko su, kuma ya sha wahalar takardu kafin a bar shi ya shigo da su.

Na ja da baya na ce, "Mushe, ni Musulmi ne. Idan giya za a yi da su, nemi wani."

Ya ce, "Sale, idan na matse ko nonon inabi ɗaya a gidan nan, washegari 'yan sanda za su sa ni a jirgi. Kwalba ina da izinin sayenta. Abin da nake so, in buɗe taga in ga itacen babana."

Duk da haka sai da na tambayi limamin masallacinmu. Ya ce inabi ɗan itace ne mai albarka, in dai don ci aka shuka shi, in je in yi aikina. Ba a daɗe ba Anto ya yi magana da kamfaninmu, ya zama shi ne kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar. Na ajiye kakin gadi na ɗauki fartanya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da halinsa. Almakashin askin rassa, mai baki ɗaya kamar na aku, shi ne babba. Idan ya dakushe, murƙushe reshe yake yi, ciwo ya shiga ta wurin. Saboda haka dutsen wasa yana aljihuna kullum, kuma ba na tashi daga gindi zuwa gindi ban goge bakin almakashin ba. Akwai ƙaramin zarto na tsofaffin rassa, da igiya mai laushi ta ɗaure reshe a jikin waya, da raga ta inuwa. Ƙasar Doha kuwa kun san ta, yashi ne da gishiri a kan farin dutse. Sai da na haƙa ramuka da diga, na zubar da abin da na haƙo, na cika su da jar ƙasa ta saye da takin tumaki wanda ya huce, na mayar da sandunan ciki. Ɗanyen taki a zafin garin nan wuta ne.

Sandunan suka kama. Suka hau waya, suka hau katanga, suka leƙa gidan maƙwabci. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, babu fure ko na rantsuwa. Na ƙara taki, suka ƙara tsawo. Na ƙara ruwa, suka nufi rufi. Anto kuma ba manomi ba ne. Tun yana saurayi ya bar gona ya tafi makaranta, abin da ya sani a inabi shi ne yadda ake juya kofi a sa hanci. Wata rana ya tsaya ya dubi dajin da muka yi, ya ce, "Wannan sai Odil." Odil yayarsa ce, ita ta riƙe gonar bayan rasuwar mahaifinsu. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, ya nema mini biza, muka tafi tare.

Ban taɓa sanin sanyi yana shiga haƙori ba sai a can. Riga uku na saka, da hular da ta rufe kunne, duk da haka ina rawar ɗari. Amma ƙasar tana da kyau. Akwai kogi, Lot suke ce masa, yana lanƙwasa yana komowa kamar ya manta wani abu a baya. Gonakin inabi sun hau daga bakinsa hawa-hawa. Na ƙasa suna kan tsakuwa mai santsi wadda kogin ya bari, na sama suna kan tudu mai farin dutse, inda mutumin Kura ba zai yarda ya jefa ko ƙwayar gero ba. A cikin garin akwai tsohuwar gada mai dogayen hasumiyoyi, da kasuwa inda rabin abin da ake sayarwa agwagwa ce.

Da muka isa gonar, na tsaya ina kallo. Layi-layi, iyakar ganinka, baƙaƙen kututture ne a murɗe, ganye ko ɗaya babu. Odil ta fito ta tarbe mu, gajeruwa, da takalmin roba, tafin hannunta ya fi nawa kaushi. Na cire hula duk da sanyin, na ce wa Anto, "Ka yi mata jaje a madadina. Allah ya mayar da alheri. Wace cuta ce ta cinye gonar haka?"

Ya fassara mata. Ta dube ni, ta dubi ƙanenta, sai ta fashe da dariya har tana tari. Ta kira wani ma'aikacinta, Idris, ɗan Maroko, dattijo kamar ni, ta ce ya gaya mini da Larabci. Idris ya ce, "Ɗan'uwa, barci suke yi. Duk shekara sai sanyi ya kwantar da su. Wanda bai yi barci ba ba ya haihuwa."

Na ce, "To ai namu na Doha ba su taɓa runtsawa ba."

A hannun matar nan na yi koyon aiki, ina da furfura a gemu. Da sassafe za mu fita da wani baro na ƙarfe da ake ƙona rassan da aka yanke a ciki, muna tura shi muna jin ɗumi. Kwanakin farko ba ta bar ni na yanka komai ba, jan rassa kawai nake yi daga waya. Sannan ta ba ni almakashi. Ta nuna mini yadda ake duban gindi kafin a taɓa shi: a zaɓi reshe ɗaya mai kaurin fensir wanda ya sha rana, a bar shi da tsawo, a kwantar da shi a waya, shi zai ba da 'ya'yan bana. A ƙasa da shi a bar wani guntu mai ido biyu, shi ne na baɗi. Sauran duka a zubar. Yankan kuma a karkace, ya juya wa ido baya, don ruwan da zai tsatso kada ya kwanta a kansa. Duk lokacin da na tausaya wa wani kyakkyawan reshe na bar shi, sai ta zo ta bayana ta datse, ta ce wata kalma da Idris ya ƙi fassarawa.

Da rana a teburinta nake ganin abin da duk wahalar nan take haifarwa. Idris yana kawo mana naman rago daga mahaucin Musulmi, ita kuma ta ajiye mana ruwan tuffa. Su kuwa sai su buɗe kwalba tun kafin a gama girki, wai ta sha iska. Anto ya ce giyarsu mai jiki ce, mai nauyi a baki, ba a shanta da abinci mara ƙarfi, sai da agwagwa ko nama mai romo. Sabuwarta tana da bauri, sai ta kwana a gangar katako, ta ƙara shekaru a kwalba, kafin ta yi laushi. Baurin daga fatar inabin yake fitowa, shi ya sa suke son ƙananan 'ya'ya masu kaurin fata, shi ya sa kuma suke shuka a kan dutse, don itacen ya wahala. Zai sa hanci ya lumshe ido ya ce yana jin ƙanshin baƙaƙen 'ya'yan itace da ƙasa bayan ruwan sama. Ya tambaye ni ni me nake ji daga inda nake zaune. Na ce tsamiyar da aka jiƙa aka manta da ita. Odil ta buga tebur ta ce na fi ƙanenta hanci.

Ana gobe za mu dawo na sa Idris ya tambaye ta yadda zan yi, tunda sanyin Doha bai kai ya kwantar da ko kaza ba. Ta juya almakashi a hannu, ta ce, "Idan ba ku da sanyi, ku nemi wani abin da zai tsorata shi." A cikin jirgi na yi ta juya maganar, har na tuna masu lambun lemo a wajenmu. Idan suna son itace ya yi fure, janye masa ruwa suke yi har ya fara yaushi, sannan su sake masa.

Muna sauka na rufe famfo. Makonni suka wuce ban ba su ko ɗigo ba. Da ganyen ya fara rawaya, na bi su da hannu na tsige shi tas, sannan na yi musu askin Odil. Anto ya dawo daga aiki ya tarar da tsirarun sanduna da tulin rassa ya kai ƙugu. Ya riƙe kai.

"Sale, ka kashe su!"

"Mushe, in yi maka jaje?"

Ya harare ni, sannan ya tuna, ya shige ciki yana ƙunƙuni. Na zuba taki, na saki ruwa. Kullum da safe sai in gan shi ya fito da kofin gahawa ya durƙusa yana duban idanun. Ran nan na ji ihu, "Yalla, Sale, zo!" Idanun sun kumbura sun fashe, kuma a jikin sabon tsiron ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar kan ashana. Nonon inabi ne tun yana jariri.

Daga nan aikin ya koma tsere da zafi, don dole su nuna kafin tsakiyar bazara ta dafa su. Na ɗaura raga ta gefen yamma. Na rage ganyen da ya toshe iska, na bar wanda ya yi wa 'ya'yan lema. Da suka fara baƙi tsuntsaye suka gano, sai na sa wa kowane nono jakar takarda. Ranar da muka yanke na farko, na jefa ƙwaya ɗaya a baki. Ƙarama ce, ga zaƙi, amma fatar ta kama mini harshe kamar na tauna ɗanyen goro. Na ce, "Mushe, a kan wannan muka sha duk wahalar nan? Na kanti ya fi shi daɗi." Ya ce in rufe masa baki. Shi kam ya cinye nono guda a tsaye, har da ƙwallayen.

Labari ya bazu a rukunin gidajen, Anto kuma ya ba ni izinin yin aikin wasu da yamma. Masu lambu iri-iri ne. Akwai wanda zai saya maka kowane irin magani ya hana ka taki. Akwai wata likita 'yar Katsina da ta ce in sa mata inabi da zogale a baranda, kuma duk lokacin da na juya baya sai ta ƙara musu ruwa, wai ta ga kamar suna jin ƙishi. Na ce, "Likita, ke ma ba kullum kike ba mara lafiya abin da ya roƙa ba." A garin nan, itatuwan da tausayi ya kashe sun fi waɗanda rana ta kashe.

Sai shekarar wahala ta zo. Zafi ya riga lokacinsa, ya zo da iska mai ƙuna ana tsakar fure. Cikin 'yan kwanaki furen ya zube, 'ya'yan da suka riga suka ƙulla suka bushe a jikin reshe kamar barkono. Na ninka raga, na jiƙa ƙasa da asuba, ban tsirar da ko nono ɗaya ba. A wannan lokacin kuma Odil ta kira a waya mai hoto. Su can sanyi ne ya dawo bayan tsiro ya fito, ya ƙone mata gonar bakin kogi. Ta nuna mini nata baƙin tsiron, na nuna mata nawa. Ta ce wa Anto ya gaya mini in aiko mata da rabin zafina, ta aiko mini da rabin sanyinta, khalas, wato shi ke nan, kowa ya huta.

Ba mu gama farfaɗowa ba kamfani ya ce aikin Anto ya ƙare, zai koma gida. Zamana a ƙasar nan a hannunsa yake, ga yara a makaranta a Kura. Ya yi ta nema mini wani kafil, amma kowa direba yake so, ko mai gadi. Mai gidan kuma, wani Baƙatare da ake kira Abu Nasir, ya aiko cewa da zarar an kwashe kaya zai tumɓuke lambun ya shimfiɗa siminti, ya yi rumfar mota.

Ranar da ya zo duba gidan, ya zo da mahaifiyarsa a bayan mota, zai wuce da ita asibiti. Ya tsaya a bakin lambun yana nuna wa ɗan kwangila inda rumfa za ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Kai ne mai lambun? An ce mini inabin giya ne wannan. A gidana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙasarsu giya suke yi da shi. A nan ba a taɓa matse ko ƙwaya ba. Ni da Bafaranshen da tsuntsaye muke cinyewa."

"Bana ina 'ya'yan?"

"Zafi ya cinye."

"To ka gani."

Sai muka ji an buɗe ƙofar mota. Tsohuwar ta sauko da sandarta, da abin rufe fuska mai ƙyalli irin na tsofaffinsu. Ya ce, "Yumma, akwai rana, koma ciki." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zo ta kama wani sabon ganye, ta murza shi a yatsa, ta ɗaga shi ta duba bayansa, ta gutsura ta tauna. Ta ce mini, "Ɗana, ka fesa masa magani?" Na ce a'a, Hajiya. Ta ce in ciko mata leda, masu taushi, masu faɗin tafin hannu. Na tsinko mata. Ta karɓa ta koma mota.

Bayan kwana biyu Abu Nasir ya dawo shi kaɗai, fuska a murtuke, ɗauke da tukunya a naɗe da tawul. Ya ce mahaifiyarsa ta ce tun da take naɗa shinkafa da nama a ganyen inabi, na kwalba take samu, mai gishiri, ba ta taɓa samun ɗanye mai ɗan tsami irin wannan ba. Ta ce a kwashe itatuwan a kai gonarsu ta arewa, a haɗa da mai kula da su.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka tone su yanzu mutuwa za su yi. Sai sanyi ya shigo."

Ya ce, "Rumfar fa?"

Ya ciro waya ya kira mahaifiyarsa, ya yi bayani. Daga inda nake tsaye ina jin muryarta. Ya kashe wayar ya ce, "Sai sanyi ya shigo. Kawo katinka na zama a mayar da kai sunana."

A gonar nan nake har yau. Itatuwan da na kwaso sun haifi layuka, kuma duk shekara sai mun yi rigima da Hajiya, ita tana son ganye, ni ina cewa ta bar wa 'ya'yan inuwarsu. Mun daidaita: na ƙasa nata, na sama nawa.

Tukunyar nan kuwa, a ƙasa muka zauna muka buɗe ta ni da Anto, a cikin falon da ba kujera, akwatuna sun kewaye mu. Ya ɗauki naɗin shinkafa ɗaya ya juya shi, ya gane ganyen, ya ci. Ya ƙara. Sannan ya kira Odil ya juya mata wayar ta ga tukunyar, ya gaya mata abin da ya ceci itacen mahaifinsu. Ta tsura wa tukunyar ido. Na ɗauka ranta ne ya ɓaci, inabin da kakanninta suka yi suna da shi ya koma marufin shinkafa. Can ta matso da fuskarta kusa da waya ta faɗi wani abu.

Na ce, "Mushe, me ta ce?"

Ya haɗiye na bakinsa ya ce, "Wai ka tambayi tsohuwar, ana tafasa ganyen kafin a naɗe, ko ɗanye ake sa shi?"